Rand Paul da tikitin jam'iyyar Republican a 2028: akwai hanya ko babu?

Dan_Nima441
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana da nake so manyanmu masu bin siyasar Amurka su auna mana. Gyara na 22 na kundin tsarin mulkinsu ya hana a zaɓi mutum shugaban ƙasa fiye da sau biyu, don haka a 2028 dole jam'iyyar Republican ta fitar da sabon gwani. Kowa JD Vance, mataimakin shugaban ƙasa, yake kira, wasu Marco Rubio, sakataren harkokin waje. Ni kuwa idona yana kan Sanata Rand Paul na jihar Kentaki, likitan idon nan, ɗan Ron Paul, tsohon ɗan majalisar wakilai da shi ma ya nemi shugabancin ƙasa. Aƙidarsa ita ce wadda suke kira libatariyan: gwamnati ta sakar wa mutane mara, ta rage kashe kuɗi, ta daina leƙen wayoyin jama'a, ta daina tura sojoji yaƙin da majalisa ba ta amince da shi ba. Bashin ƙasar ya haura dala tiriliyan 38, jama'a sun gaji da yaƙe-yaƙe. A ganina ƙofarsa ta buɗe. Wanda ya ga akasin haka ya kawo hujja da alƙaluma.

Malam_Lissafi
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a yi maganar farin jini sai a fara da yadda ake cin tikitin. Wakilai ake tarawa. A 2024 wakilan babban taron jam'iyyar 2,429 ne, wanda ya samu 1,215 ya gama. Kowace jiha da irin rabonta. Akwai masu rabawa daidai da ƙuri'ar da kowa ya samu, kamar Ayowa mai wakilai 40. Akwai masu sa ƙa'idar cewa sai ka kai wani kaso kafin a ba ka ko ɗaya: Niyu Hamsha kashi 10 cikin 100, Tekzas kashi 20. Sannan daga 15 ga Maris dokar jam'iyya ta yarda jiha ta kwashe wakilanta kaf ta miƙa wa wanda ya zo na ɗaya, ko da ƙuri'a guda ya fi na biyu. Fulorida da Ohayo haka suke yi.

Dubi 2016. Trump ya samu kusan kashi 32 a Karolina ta Kudu, ya tafi da wakilai 50 ɗin jihar duka. Ya samu kusan kashi 46 a Fulorida, ya tafi da 99 duka. Wannan tsari mai zuwa na ɗaya yake yi wa aiki. Mutumin da yake da kashi 15 ko 20 a ko'ina, masu ƙaunarsa har zuci, zai ƙare da wakilai 'yan ƙalilan. Gidan su Paul kuwa matsalarsu ke nan tun fil azal: magoya baya masu zafi, amma ba su cika ɗaki ba.

Mai_Shayi_Kawukudi
To ai babansa ya ci Ayowa a 2012, Malam. Me zai hana ɗan?

Malam_Lissafi
Bai ci ba. A daren ƙuri'ar na uku ya zo, da kashi 21, ƙuri'u kusan 26,000. Rick Santorum ne ya zo na ɗaya, ya fi Mitt Romney da ƙuri'a 34 kacal. Abin da ya sa kake tuna kamar ya ci wani abu ne daban, Alhaji_Tudu ya fi ni iya bayaninsa.

Alhaji_Tudu
Madalla da Malam. Bari in zana muku yadda daren Ayowa yake, don a nan asirin yake. Su ba akwati suke kafawa tun safe ba. Ƙarfe bakwai na dare, cikin tsananin sanyin farkon shekara, 'yan jam'iyya suke taruwa mazaɓa-mazaɓa, sama da 1,600, a ɗakin wasanni na makaranta ko zauren coci ko ɗakin karatu. Wakilin kowane ɗan takara ya tashi ya yi jawabi na 'yan mintoci. A raba 'yan takardu, kowa ya rubuta sunan gwaninsa, a tattara a ƙirga a gaban kowa, a aika sakamako. Daga nan yawancin mutane sai su ɗauki rigunan sanyinsu su tafi gida kallon talabijin.

Mutanen Ron Paul ba sa tafiya. An koya musu su zauna, domin bayan ƙirgar ne ake zaɓen waɗanda za su wakilci mazaɓar a taron gunduma, daga can zuwa taron yanki, daga can zuwa taron jiha, inda ake fitar da ainihin wakilan da za su je babban taro. A lokacin ƙuri'ar daren ba ta ɗaure wakilan. Da haƙurin zama da haddace dokokin taro suka yi ta hawa mataki-mataki, har a babban taron Tampa a watan Agusta 2012 wakilan Ayowa 22 cikin 28 suka zaɓi Ron Paul. Haka suka yi a Minesota da wasu jihohi.

Jam'iyya ta ga abin, ta toshe ramin. A can Tampa aka sauke rabin wakilansa na jihar Men, aka ɗaga dokar gabatar da suna daga jihohi biyar zuwa rinjaye a jihohi takwas, aka kuma sa dokar da ta ɗaure wakilai ga sakamakon ƙuri'ar jama'a. Ta takwas ɗin an sassauta ta daga baya, amma ɗaurin yana nan. Dabarar da uban ya ci riba da ita, ɗan ba zai same ta ba.

Mai_Shayi_Kawukudi
Na gode Baba Alhaji, na karɓi gyara.

Ustaz_Fadama
Ba sai mun yi hasashe ba, tunda an gwada. Babu lokacin da Rand Paul ya kai 2013 zuwa 2015 haske. A Maris 2013 ya tsaya da ƙafarsa kusan awa 13 yana magana a majalisar dattawa, ya riƙe naɗin John Brennan a shugabancin CIA, sai gwamnati ta faɗa ko tana da ikon kashe ɗan Amurka a cikin Amurka da jirgi marar matuƙi ba tare da shari'a ba. Ya lashe ƙuri'ar gwaji ta CPAC, taron shekara-shekara na masu ra'ayin riƙau, sau uku a jere, 2013, 2014 da 2015. Ya ƙaddamar da takara a 7 ga Afrilu 2015. Ranar 1 ga Fabrairu 2016 a Ayowa ya zo na biyar da kashi 4.5, ƙuri'u kusan 8,500, wakili ɗaya. Ko kashi ɗaya cikin uku na abin da babansa ya samu a wurin bai kai ba, alhali masu fitowa sun ƙaru sosai a shekarar. Kwana biyu bayan haka ya janye.

Dan_Nima441
Ustaz, wancan lokacin daban ne. Shekara goma sun wuce.

Ustaz_Fadama
Gaskiya ne, shi ya sa ya kamata a duba abin da ya kayar da shi a gani ko ya gushe. Na farko yanayi ya juya masa baya. ISIS ta kama Mosul a Yuni 2014, aka yi harin Faris a Nuwamba 2015, aka yi na San Banadino a Disamba. Mai cewa a rage leƙen asiri a rage yaƙi, ranar da mutane suke cikin tsoro ba shi da kasuwa. Wannan yana iya sake faruwa a kowace shekara, ba a hannunsa yake ba.

Na biyu ya nemi ya hau doki biyu. Ya mara wa Romney baya a 2012 tun babansa bai sauka a hukumance ba, ya mara wa Mitch McConnell, jagoran sanatocin jam'iyyar a lokacin, baya a 2014, ya sa hannu a wasiƙar da sanatoci 47 suka aika wa Iran a Maris 2015. Tsofaffin mabiyan gidan suka ce ya sayar da su, manyan jam'iyya kuma ba su karɓe shi ba.

Na uku, kuma shi ne babba: Trump ya kwashe masa kaya mafi tsada a shagonsa. Ƙin yaƙin Iraƙi da ƙin manyan Washinton, Trump ya faɗe su da murya mafi ƙarfi, har a dandalin muhawara a Karolina ta Kudu, jihar sojoji, kuma ya ci jihar. Sai ta bayyana cewa da yawa cikin masu zaɓen Ron Paul fushi da masu mulki ne ya kawo su, maganar babban banki da rage kasafi ba ta dame su ba.

Barista_SabonZango
Ina tare da Ustaz a tarihin, amma kada mu rufe ƙofa da wuri. Akwai misalin Bajiniya a 2012. Jihar ta nemi sa hannun mutum 10,000 kafin a sa sunanka a takardar zaɓe, Newt Gingrich da Rick Perry suka kasa cikawa, aka bar Romney da Ron Paul su biyu. Ron Paul ya samu kashi 40. Wato idan fage ya rage mutum biyu, duk wanda ba ya son na gaba wurin na biyun zai je. Idan Vance ya tsaya a matsayin magajin Trump, kuma manyan 'yan takara suka ji tsoron fitowa, wa zai rage ya ɗauki tutar masu cewa harajin shigo da kaya ya cuce su? Manoman waken suya na Ayowa, waɗanda Sin take daina saye a wurinsu duk lokacin da rikicin haraji ya tashi, 'yan Republican ne. Rand Paul yana cikin 'yan Republican huɗu da suka zaɓi soke harajin da aka ɗora wa Kanada a Afrilu 2025. Hujjarsa kuma ta tsarin mulki ce: ikon sa haraji na majalisa ne.

Malam_Lissafi
Barista, ƙarasa lissafin Bajiniyar. Kashi 40 ɗin wakilai nawa ya ba shi? Uku. Romney ya ɗauki 43. Maganata ta farko ke nan.

Barista_SabonZango
Haka ne Malam, ban musa ba. Abin da nake nunawa shi ne kashi 20 ba shi ne iyakarsu ba a kowane hali.

Hajiya_Mamobi
Ku yi mini uzuri in shigo da abin da ya shafe mu nan gida, domin na ga yaranmu suna son mutumin nan saboda yana ƙin yaƙi. Gaskiya ne yana ƙi. Ya yi ƙoƙarin hana sayar wa Saudiyya makamai lokacin yaƙin Yaman, shi kaɗai ne ɗan Republican da ya zaɓi a taka wa shugaban ƙasa burki kan Iran a Yuni 2025, ya kuma taɓa neman a yanke tallafin ƙasashen waje gaba ɗaya har da na Isra'ila. Amma wuƙar da ta yanke na Isra'ila ita ce za ta yanke namu. Da aka dakatar da ayyukan USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje tallafi, a farkon 2025, gwamnatin Gana ta ce giɓin da ya faɗo mana dala miliyan 156 ne, kuma kaso mai yawa na lafiya ne: gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, kula da masu juna biyu, gwajin ƙanjamau. Mai zuwa awo a asibitin unguwa ita take fara jin irin wannan. A Yuli 2025 da aka kawo ƙudurin janye dala biliyan 9, mafi yawansu na tallafin waje, ya zaɓe shi.

Sannan a Disamba 2015 shi ne ya kawo gyaran doka da zai dakatar da ba da biza ga ƙasashe fiye da 30, yawancinsu na Musulmi, har da Nijeriya da Mali. An kayar da shi 89 da 10. A san mutum gaba da baya kafin a yi masa kirari.

Dan_Nima441
Mama Hajiya, wannan na bizar ban san shi ba, na gode. Amma a ɗaya gefen, babbar dokar Trump ta Yuli 2025 da ya ƙi zaɓa, ita ce ta kawo harajin kashi 1 a kan kuɗin da 'yan'uwanmu na Bironks suke aikowa gida.

Hajiya_Mamobi
Ɗana, ya ƙi ta ne don ta ɗaga iyakar cin bashi da dala tiriliyan 5, ba don mu ba. Shi da Susan Collins da Thom Tillis suka ƙi, aka yi kunnen doki 50 da 50, Vance ya raba gardama. Harajin kuma a faɗa wa masu aikowa: wanda ya kai tsabar kuɗi kanti ya aika shi yake shafa. Wanda ya aika daga asusun bankinsa ko da katin bankin Amurka bai shiga ciki ba.

Abu_Madina
Wannan bayani ya fi mini amfani da duk maganar takarar. Allah ya saka, Hajiya.

Kawu_Ashaiman
Abin yana tuna mini da giwarmu ta nan. Duka jam'iyyun biyu, Republican da NPP ta nan Gana, giwa ce alamarsu, duka suna cewa su na kasuwa ne da mallakar dukiya. Amma NPP da ta hau a 2017 me ta fara yi? Sakandare kyauta. Jam'iyyar da take son cin zaɓe ba ta zuwa wa talaka da maganar za ta rage masa. Can ma haka ne. Mafi girman kasafin Amurka fanshon tsofaffi ne da inshorar lafiyarsu da soja da kuɗin ruwan bashi. Masu fitowa zaɓen fidda gwani na Republican kuwa yawancinsu dattawa ne. Trump ya gane haka ya ce ba zai taɓa fanshonsu ba. Tsarin Rand Paul na rage sisi shida daga kowace dala duk shekara har kasafi ya daidaita, duk lokacin da ya kawo shi majalisa faɗuwa yake yi, wasu 'yan jam'iyyarsa ma suna cikin masu kayar da shi.

Alhaji_Tudu
Kawu, kwatancen ya yi, sai dai akwai bambanci a tsari. Mu nan a 2023 wakilai na musamman ƙasa da 1,000 suka fara tace 'yan takara goma zuwa biyar a watan Agusta, sannan a 4 ga Nuwamba wakilai kusan 200,000 suka zaɓa, Dakta Bawumia ya samu kashi 61, Kennedy Agyapong kashi 37. Masu riƙe da muƙaman jam'iyya ne suka yi hukunci. A can kuwa a jihohi da dama ko wanda ba shi da rajistar jam'iyya yana iya shiga. Niyu Hamsha tana barin 'yan ba-ruwanmu su zaɓa, shi ya sa Ron Paul ya zo na biyu a can da kusan kashi 23 a 2012. Idan ɗan yana da wata ƙofa, ita ce wannan jihar. Sai dai wakilanta 22 ne kawai a 2024, kuma Karolina ta Kudu tana biye da ita, inda sansanonin soja da masu zuwa coci suke da nauyi.

Saurayin_Alajo
To ya fita ya tsaya a jam'iyyar Libertarian mana, ko indifenda. Javier Milei, ɗan libatariyan da ya ci shugabancin Ajantina, ai bai jira kowa ba.

Barista_SabonZango
Ƙanena, wannan hanyar ta fi kowace muni. Babansa ya gwada a 1988, ya samu kusan rabin kashi ɗaya. Mafi yawan abin da jam'iyyar ta taɓa samu shi ne na Gary Johnson a 2016, kashi 3.3, ƙuri'u kusan miliyan huɗu da rabi, ba tare da ko jiha ɗaya ba. A 2020 suka sauko kashi 1.2, a 2024 ƙasa da rabin kashi. Kusan duk jihohi wanda ya zo na ɗaya ne yake kwashe kujerun kwalejin zaɓe, wato wakilan jihohi da suke zaɓen shugaban ƙasa, kuma babu zagaye na biyu. Milei a zagaye na biyu ya ci a Nuwamba 2023, a ƙasar da hauhawar farashi ta wuce kashi 200 a shekarar. Ga kuma dokokin wasu jihohi da suke hana wanda ya faɗi zaɓen fidda gwani ya sake fitowa a wata rigar a zaɓen gama-gari. Mu ma nan mun gani: Alan Kyerematen ya bar NPP a Satumba 2023, a Disamba 2024 ko kashi ɗaya bai samu ba.

Ustaz_Fadama
Ƙari a kan na Barista: Trump da kansa ya je taron jam'iyyar Libertarian a Mayu 2024, ya yi musu alkawarin sakin Ross Ulbricht, wanda aka yi wa ɗaurin rai da rai kan kasuwar ƙwayoyi ta intanet, ya kuma yi masa afuwa washegarin rantsar da shi. Haka manyan jam'iyyu suke yi da wannan ɓangare, a ba su abu ɗaya da suke so a karɓi ƙuri'arsu.

Dan_Nima441
Na ji duka. Amma an taɓa yi ai. Barry Goldwater a 1964 ra'ayinsa ya yi kusa da wannan, kuma ya ƙwace tikitin daga hannun manyan jam'iyya.

Malam_Lissafi
Ya ƙwace, amma a zamanin da yawancin wakilai a tarukan jihohi ake fitar da su, irin hanyar da Alhaji ya bayyana, wadda yanzu aka toshe. Sannan Goldwater mai zafi ne a kan Tarayyar Sobiyet, bai saɓa wa jam'iyya a harkar soja ba. A zaɓen gama-gari kuma jihohi shida ya ci, Lyndon Johnson ya ci 44.

Ga kuma kuɗi da dandalin muhawara, waɗanda ba mu taɓa ba. A 2023 kafin a hau muhawarar farko sai da mutum ya nuna masu ba da gudummawa 40,000, aƙalla 200 a kowace jiha cikin jihohi 20, da kashi 1 a ƙuri'un jin ra'ayi, ya kuma sa hannu zai goyi bayan duk wanda ya ci. Wannan ba zai gagare shi ba, gidansu sun iya tara ƙananan kuɗi ta intanet, babansa ya tara kusan dala miliyan 6 a rana ɗaya a Disamba 2007. Wahalar tana zuwa ne da ake ɗaga ƙa'idar a kowace muhawara. A Janairu 2016 an sauke shi daga babban dandali zuwa na ƙananan 'yan takara, ya ƙi zuwa, saura ƙasa da mako uku a yi Ayowa.

Hajiya_Mamobi
Ni dai ina ganin idan ya fito, ba don kujerar zai fito ba. Zai fito ne ya tsaya kusa da Vance a dandali ya tambaye shi bashi da haraji da harba makami kan jiragen ruwa a tekun Karebiyan ba tare da shari'a ba, abin da suka riga suka yi sa-in-sa a kansa a Satumba 2025. Wannan ma aiki ne, kuma wani lokacin yana sauya abin da jam'iyya take faɗa bayan shekaru.

Barista_SabonZango
Hajiya, ko wannan ɗin yana da farashi. Kujerarsa ta sanata a 2028 za a sake zaɓenta, kuma dokar Kentaki ta hana sunan mutum ya fito sau biyu a takardar zaɓe ɗaya. A 2016 ya kauce mata ne da ya shawo kan jam'iyyar jihar ta cire zaɓen shugaban ƙasa daga na watan Mayu ta mai da shi taron mazaɓu a 5 ga Maris, ya kuma ɗauki nauyin kuɗin. Ranar ta zo ya riga ya janye, Trump ya ci jihar. Wancan karon 'yan Democrat ne suke riƙe da majalisar wakilan jihar suka ƙi gyara dokar. Yanzu majalisun biyu na Republican ne, suna iya gyarawa cikin sauƙi. Tambayar ita ce ko za su so su yi wa mutumin da zai ƙalubalanci ɗan takarar Trump wannan alfarmar, a jihar da Trump ya ci da tazarar kusan kashi 30.

Kawu_Ashaiman
Kuma yana shugabantar kwamitin tsaron cikin gida na majalisar dattawa tun Janairu 2025. Mutum ba ya sakin irin wannan kujera don ya je neman kashi 10 a Ayowa.

Dan_Nima441
Kawu, ni har yanzu ban sauka ba. Idan tattalin arziki ya tsuke kafin 2027, Vance ne zai ɗauki laifin tunda shi ne mataimaki, kuma Paul yana da ƙuri'unsa a rubuce cewa ya ƙi harajin ya ƙi bashin. Barista, dokar Kentakin nan, wanda yake son riƙe kujerar sanata yaushe ne wa'adin miƙa takardarsa?

Barista_SabonZango
Farkon Janairu na shekarar zaɓen. A 2024 an yi Ayowa 15 ga Janairu, don haka idan jadawalin bai sauya ba zai miƙa takardar sanata kafin ya san abin da Ayowa za ta ba shi.